Shekarar da Surukina Ya Shiga Ɗakin Sanyi

Aikina na farko bayan na gama jami'ar Ibadan shi ne duba yanayi, a wani ƙaramin ofis da ke gefen filin jirgin sama na Fatakwal. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, Turawan ofishin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, mu kuma ana ɗora mu kan kujerunsu tun kafin mu gama sanin inda suke ajiye mabuɗai. Kullum da safe in fita in karanta ma'aunin zafi da na ruwan sama, in saki balan-balan in bi shi da ido har ya ɓace, sannan in zauna in karɓi lambobin da tashoshi ke aikowa daga Inugu da Kano da Ikko da Duwala, da wasu wuraren da ban taɓa takawa ba. Daga waɗannan lambobi ake so in fitar da abin da sama za ta yi. Abin da na koya da wuri shi ne gobe ma da kyar ake hango ta, jibi kuwa sai dai a yi kirdado.

Ina zaune a unguwar Mayil Tu, cikin Diyobu, tsakanin 'yan albasa da dillalan shanu. Da yamma in na fito sallar la'asar sai su tare ni a bakin masallaci. Abin da ke damunsu ɗaya ne: a gida, da an shiga ɗari an gama da ruwa, amma a Fatakwal hadari ba ya duba wata. Mutum ya baza albasarsa ta sha iska, kafin ya juyo ta jiƙe.

"Malam, mu rufe ko mu bari?"

"Da alama ba za a yi ba. Amma in da hali a ajiye tamfol kusa."

"Wannan ai ko kakata ta sani, ba ta je Ibadan ba."

Sai a yi dariya, ni ma in yi. Ban taɓa sauya amsar ba don in burge su. Abin da na sani ke nan, kuma ina ganin wanda ya faɗi fiye da abin da ya sani a kan dukiyar mutane ya ci amana, ko da ya dace.

A shekarar da nake magana a kai, matata tana Ingila tana koyon aikin ungozoma. 'Yar Anacha ce, can aka haife ta, Inyamuranci a bakinta kamar Hausa. Mahaifinta, wanda kowa ke ce wa Alhaji ni kuma nake ce wa Baba, babban ɗan kasuwa ne a kasuwar Ochanja ta Anacha, wake da albasa da busasshen kifi, kuma mahaifinsa ma a nan ya yi kasuwa. Bai so tafiyar ba. Inna, mahaifiyarta, ita ta ci ƙarfinsa a hankali, da maganar cewa matan unguwa ba sa zuwa asibiti haihuwa don ba su da ungozoma tasu a can, kuma kowa ya san gidajen da wannan ya jawo wa makoki. Ya yarda, amma yardar da ake yi da baki a bar zuciya a baya.

Ranar da na raka ta tashar jirgin ƙasa za ta Ikko ta hau na ruwa, ta ce mini, "Ka san halina. In Baba ya ce in dawo, ba zan iya yi masa gardama ni kaɗai ba. Sai in ka tsaya mini."

Na ce zan yi ƙoƙari. Ta ce ba ƙoƙari ta tambaya ba. Jirgi ya yi kuka, ta shiga.

Ɗarinta na farko a can ya wuce ba labari. Na biyun ne ya zo da abin da tsofaffin can ma, in ji rediyo, ba su taɓa ganin irinsa ba. Saura mata 'yan watanni ta yi jarrabawar ƙarshe, kuma ƙa'idar makarantar ita ce wanda ya bar wurinsa ya bari ke nan, wata za a ba.

Bin sanyin Turai ba aikinmu ba ne. Amma matuƙan jirgin sama suna zuwa da labari, ma'aikatan jiragen ruwa ma haka, kuma akwai akwatin rediyo a ofis mai kama tashoshin nesa. Na shiga tashi kafin kowa don in ji rahoton safe. Dusar ƙanƙara ta toshe hanyoyi. Koguna sun daskare har ana tafiya a kansu. Bututun ruwa sun fashe a gidaje. Ana tsintar tsofaffi a ɗakunansu. Mutanen unguwa suna jin waɗannan a sashen Hausa na rediyo su ce Allah ya kyauta su wuce, ni kuwa na san ma'anar lambobin da ake faɗa, don haka tsorona ya fi na kowa. Akwai safiyar da na karanta ma'aunin ruwan sama sau biyu ban iya tuna abin da na gani ba.

Nan da nan tambayar bakin masallaci ta sauya. Aka manta da albasa.

"Malam, yau yaya can wajen amarya?"

"Sanyi dai bai ragu ba."

"Ya kai na Jos?"

"Ya wuce."

"To kai da ka san sama, ka aika matarka inda ruwa ke zama dutse?"

Wasiƙunta suna zuwa a makare. Ba ta ɓoye mini komai ba, ba ta kuma yi kuka ba. Ta ce famfon gidan kwanansu ya daina zuba, suna ɗebo ƙanƙara a bokiti su narka a kan murhu. Ta ce yatsun ƙafarta sun kumbura suna ƙaiƙayi, amma cikin asibiti akwai ɗumi, kuma mata ba su fasa haihuwa don sanyi ba. Duk abin da ta rubuta nakan kai Anacha in karanta wa Baba yadda yake. Inna tana saurare daga bayan labule, don ba ta zama inda nake.

Azumi ya ƙarato, Inna ta aiko a tambaye ni yadda yarinya za ta yi alwala da ruwan da ya zama dutse, in kuma taimama za ta yi, da wace ƙasa, tunda an ce ƙasar duk a rufe take. Na amsa iyakar sanina. Na ƙara da cewa ranar can gajera ce a wannan lokaci, za ta sha ruwa mu muna sauran jira. Baba ya dube ni kamar na ce masa akuya ta yi ƙwai. Ya ce rana ai ɗaya ce. Na ce haka ne, amma ba ta daɗewa a can.

Wanda ya hura wutar, ba da mugun nufi ba, shi ne ƙanin matata, dillalin shanu a Inugu. Magidanci ne, amma tsakanina da shi wasa ne kamar yadda aka saba, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ya taɓa shiga ɗakin sanyin da wani kamfani ke ajiye nama a ciki, sai ya zo gida ya ce wa Baba, ai in yana so ya san inda aka kai Yaya, to irin wannan ɗakin ne, sai dai shi garin ba shi da ƙofar fita. Ya faɗa ne don a yi dariya. Baba bai yi ba.

Ranar wata Asabar na dawo daga aiki na tarar da su biyu zaune a ƙofar ɗakina, sun biyo motar albasa. Baba bai taɓa zuwa gidana ba sai ran nan. Na durƙusa na gaishe shi, muka bi gaisuwa har ƙarshenta, gida da kasuwa da gajiyar hanya. Na kawo ruwa, ya taɓa da leɓe ya ajiye.

Ya ce, "Malam, an ce akwai irin ɗakin nan a bakin ruwa. Ina so a kai ni."

Na kalli ƙanin matata, ya kawar da kai yana sosa ƙeya. Na ce, "Baba, ina ganin ba lallai ne kwatancin ya yi daidai ba."

"Shi ya sa za ka bi mu, ka nuna mini inda bai yi daidai ba."

Kamfanin da ke da ɗakin yana sayar wa jiragen ruwa nama da kifi, kuma mahautanmu ne ke kai masa, don haka shiga ba ta yi wuya ba. Mai kula da ɗakin Inyamuri ne, Baba ya yi masa magana da harshensa, mutumin ya yi ta dariya yana girgiza kai. Ya ɗauko wata ƙatuwar rigar sanyi mai ƙarnin kifi ya miƙa masa. Baba ya ture ta da bayan hannu.

"Ita wa ya ba ta?"

Na ce, "Tana da irinta, Baba. Har da safar hannu da takalma masu gashi a ciki. Ba mai fita haka a can."

"Ni dai haka zan shiga."

Haka ya shiga, da babbar riga ta shadda da hula da takalmi fade. Tunda bai sa ba, mu ma ba mu da bakin sawa. Aka ja ƙofa mai kauri aka rufe. Cinyoyin shanu a rataye jere, sun yi fari, numfashinmu yana fita kamar hayaƙi. Da farko sanyin daɗi ya yi mini bayan zafin waje, sannan ya kama kunnuwana, ya gangara yatsu. Baba ya tsaya a tsakiya, hannuwansa a baya, kamar mai duba kaya kafin ya taya. Ya taɓa wata cinya da ɗan yatsa, ya ƙwanƙwasa ta, ta yi ƙara kamar itace.

Akwai ma'auni a jikin bango. Ya nuna shi da haɓa.

"Karanta wannan. Da nan da can, ina ya fi?"

Ƙanin matata ya matso kusa da kunnena, haƙoransa suna haɗuwa. "Mijin Yaya, don girman Allah ka ce ko rabi bai kai ba, mu fita."

Na duba ma'aunin, na tuna abin da na ji a rediyo da safe. Da na ce ko rabi bai kai ba, da an wuce wurin, wataƙila da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Na ce, "Da rana can bai kai nan ba. Da dare kuwa, a wasu kwanakin, bai yi nisa da shi ba. Amma Baba, wannan a waje ne. Ita a cikin ɗaki take kwana, da wuta, da barguna."

Bai ji rabin na biyu ba, ko ya ji bai ɗauka ba. Ya ƙara tsayawa har leɓensa ya sauya launi, sai mai ɗakin ya buɗe ƙofa da kansa ya ce ya isa.

A waje aka ba shi akwatin katako ya zauna cikin rana. Ya fito da carbi, amma yatsunsa suka ƙi ja. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yaushe zai ɗauke?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ba aikinka ba ne?"

"Aikina ne, amma iyakarmu gobe, in an matsa jibi. Su ma na can da suka fi mu kayan aiki ba su faɗi rana ba."

"Kafin sallah?"

"Mai yiwuwa. Mai yiwuwa kuma ya wuce."

"To ka je gidan waya ka buga mata tangaraho ta taho. Kai ne mijinta, daga bakinka ya kamata ya fito."

A tarbiyyar da na tashi, suruki ba a ce masa a'a. Ana cewa to, sannan a nemi wani babba ya je ya lallashe shi. Na san wannan hanyar, kuma na san in na ce to, to ɗin za ta zama alkawari, gobe a tambaye ni takardar shaidar gidan waya. Na durƙusa a kan simintin nan da ke jiƙe da ruwan kifi.

"Ku gafarce ni, Baba. Ba zan buga ba."

Ƙanin matata ya ja baya kamar an ce maciji. Baba ya ɗago ya dube ni, karo na farko ido cikin ido tun da na auri 'yarsa.

"Me ka ce?"

"Saura kaɗan ta gama. In ta taho yanzu, wahalar da ta sha duk ta tafi a banza, kuma ba za a sake ba ta wurin ba. Ba ta ce tana so ta dawo ba. Ran da ta ce, ni zan fara bugawa."

"Ka shiga ɗakin nan tare da ni?"

"Na shiga."

"Ka ji abin da na ji?"

"Na ji."

Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. Ya ce wa ɗansa su tafi tasha. Na bi su a baya har bakin mota ina ɗauke da buzunsa, bai karɓa daga hannuna ba, sai da ɗan ya karɓa ya miƙa masa.

Labari ya riga ni isa Mayil Tu. A bakin masallaci wani dattijo mai sayar da goro ya ce mini boko bai hana mutum sanin girman suruki ba. Wani ya ce da 'yarsa ce da tuni ya raba auren. 'Yan albasa suka daina tambayata ruwa na ɗan lokaci, kamar amsata ta ƙazantu. Ban yi musu da kowa ba, ban kuma ba kowa haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi musu ba.

Aka shiga azumi sanyi bai ragu ba. Na ci gaba da abin da na saba: duk direban da zai tashi zuwa Anacha in ba shi saƙon baki ya kai shagon Baba, abin da rahoton ranar ya ce. An ƙara dusar ƙanƙara. An ɗan sassauta a kudu. An koma. Ban taɓa rage komai ba. Direbobin suka ce yana saurare, ba ya amsawa, amma in mota ta makara yakan aika a duba tasha. Daga Anacha saƙon ke wucewa Inugu, har aka ce mahautan can ma sun san yadda aka kwana a Ingila kafin su fara fiɗa.

Cikin goman tsakiya ƙanin matata ya zo da saƙon Inna. Ya zauna a kan tabarmata, wannan karon ba tsokana.

"Inna ta ce a gaishe ka. Ta ce ita ma ba ta so Yaya ta dawo hannu biyu. Ta ce abu ɗaya take roƙo: ka aika wa Baba cewa lissafinku ya nuna da sallah sanyi zai wuce. Ya samu abin riƙewa."

"In sallah ta zo bai wuce ba fa?"

"Sai ka ce Allah bai nufa ba. Wa zai kama ka? Kai fa kullum a kan wataƙila kake, yau ɗaya ka faɗi magana mai ƙashi mana."

Na so in yi. Inna ce kaɗai ke bayana a gidan, kuma abin da ta nema ƙarami ne a ido. Na kwana biyu ina juya shi. Amma na ga cewa abin da ya sa Baba ke aikawa a duba motar da ta makara shi ne ya san ba na yi masa kwaskwarima. Ran da na ba shi rana ta zo ta wuce, daga nan duk abin da na ce game da 'yarsa, har da cewa tana lafiya, ya zama maganar mai son kare kansa. Na ce a gaya wa Inna ta yafe mini, ba ni da ranar da zan bayar.

Ya tashi yana gyara hula. "Wallahi taurin kanka ya fi na bijimin da aka sauke daga jirgi. Kuma a fuska kamar ba za ka iya korar kaza ba."

Sallah ta zo, sanyi yana nan. Washegari Baba ya sa aka rubuta masa waya da sunansa, aka buga mata: ta taho gida.

Ban ji daga bakinsu ba. Daga wajenta na ji, don tata wayar ta same ni a ofis da hantsi. Gajera ce. Ta ce Baba ya ce ta taho, me na ce.

A safiyar nan rahoton da na ji yana cikin mafi muni. An ce wata sabuwar iska ta taso daga gabas, an rufe hanyoyin da aka buɗe, gawayin ɗumama gidaje yana ƙarewa a wasu garuruwa. Na hau keke zuwa gidan waya ina haɗa amsa a kaina, irin wadda na iya: cewa da alama zai fi kyau ta ɗan dakata, in har tana ganin jikinta zai ɗauka, amma in ta ga da matsala kada ta yi jinkiri. Na tsaya a gaban kanta na rubuta kusan haka. Da na karanta sai na ga abin da na yi. Na mayar mata da kayan ne ta ɗauka ita kaɗai, a ɗaki mai sanyi, da umarnin mahaifinta a hannu ɗaya da kame-kamen mijinta a ɗayan. Da wannan amsa za ta haɗa akwatinta, kuma ba wanda zai ce ni na sa ta.

Na yaga takardar na karɓi wata. Na rubuta mata ta zauna ta gama, ni na ce, zan je in gaya wa Baba da bakina.

Ban san sanyin zai ɗauke ba lokacin da na rubuta haka. Ina so a fahimci wannan, don daga baya wasu sun ce ai na gani ne a na'ura na yi shiru. Ban ga komai ba. Na fito daga gidan waya na hau kekena na koma ofis.

Na nemi izini a ofis na hau motar Anacha a ranar. Na isa Ochanja bayan la'asar, kasuwa tana cike, masu ɗaukar kaya suna ihu a ba su hanya. Baba yana zaune a kan buzu a bakin shago tsakanin buhunan wake, da abokan ciniki biyu. Na cire takalma daga nesa na durƙusa. Na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Mutanen biyu suka ga yanayin suka ce za su dawo.

"Baba, wayarku ta same ta. Ta tambaye ni, na ce ta zauna. Na zo ne kada ku ji a bakin wani."

Ya ɗebi wake a tafin hannu daga buhun da ke buɗe, ya zuba shi a hankali.

"Na ce ta taho, ka ce ta zauna."

"Haka ne."

"A kan maganata."

"Ku gafarce ni. Haka ne."

"Ka samu labarin zai ɗauke ke nan."

"A'a. Rahoton yau ma ya fi na jiya muni."

Ya juyo gaba ɗaya. "To da me ka dogara?"

"Da ita, Baba. Ta ce tana iyawa, kuma ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Ku ma kun san haka, ku kuka raine ta."

"In wani abu ya same ta?"

"Ni ne. Ba Inna ba, ba ita ba. Duk wanda ya tambaya a ce ni ne."

"Kai ne za ka dawo mini da ita?"

"Ba zan iya ba."

Ina jin masu awo a shagon kusa suna gardama kan mudu. Ina tsammanin zai ce in sake ta, na kuma shirya abin da zan ce in ya faɗa, wato wannan ma ba zan yi ba. Bai faɗa ba. Ya ce, "Tashi ka tafi, kada mota ta bar ka."

Bai sake buga mata waya ba. Ban san dalili ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Mai yiwuwa ya ga ba zai sa 'yarsa ta zaɓa tsakaninmu sau biyu ba, mai yiwuwa Inna ce. Ni dai na ci gaba da ba direbobi saƙo kowace safiya, mai daɗi da marar daɗi, har ranar da rediyo ta ce ƙanƙara ta fara narkewa, ruwa kuma ya ci wasu garuruwa. Wannan ma na aika.

Ta yi jarrabawarta ta ci, ta dawo da damina, ta rame, da tabo a yatsun ƙafa wanda bai taɓa ɓacewa ba. Baba ya yanka rago, unguwa ta cika gidan. Ni ma na je. Ya amsa gaisuwata kamar yadda ake amsa ta baƙon da ya zo da wani, kuma haka ya ci gaba da amsa ta duk shekarun da suka rage masa. Bai sake zuwa gidana ba, bai sake tambayata komai game da sama ba, ko da hadari ya haɗo a kan wakensa.

Mutane sukan ce mini ai ƙarshe ya nuna ina da gaskiya. Ba na karɓar wannan, don dawowarta lafiya ba aikina ba ne, kuma da an samu akasi da waɗannan bakunan ne za su ce na kashe 'yar mutane. Baba bai yi kuskure da ya ji tsoro ba, na shiga ɗakin nan tare da shi. Amma da za a mayar da ni gaban kantar gidan waya da rahoton safiyar nan a kunnena, ban san komai fiye da abin da na sani a ranar ba, abin da na rubuta shi zan sake rubutawa.